Ranar da Aka Yi Kara da Ɗan Gwanjo

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da waɗanda ya kamata a ce na riƙe. Sunayen malaman da suka koyar da ni a firamare ma rabi sun gudu. Amma ranar da mahaifiyata ta kyautar da beyar ɗina, wata dabbar wasa ta auduga, da littafinsa, da abin da ya biyo baya, wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zai fita daga kaina.

A Shahuci, cikin birnin Kano, aka haife ni, a babban gida irin na cikin gari, wanda sai ka wuce zaure ka wuce soro kafin ka ga tsakar gida. Baba da ƙannensa duk a nan suke da iyalansu. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a cikin badala ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Hajiya, kakata ta wajen uba, a cikin gidan dai. Mahaifiyata ba ta kiran sunana. In za ta aike ni sai ta ce “ke”, in tana ba da labarina ta ce “yarinyar Hajiya”. Ni kuma Yaya nake ce mata, don da na buɗe ido haka na ji ƙannen Baba suna kiranta. Ban taɓa ganin ta ɗauke ni a gaban mutane ba, alhali ƙannena har goyo da wasa suna samu. A lokacin abin bai dame ni ba, saboda a ɗakin Hajiya akwai dabino, akwai ragowar nama, kuma ba a dukan yaro a can.

Ina aji biyu ko uku Baba ya shigo da littafin. Shi malamin makaranta ne, kuma yana da ciwon tsayawa wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, ko da kuwa cefane aka aike shi. Littafin na Turanci ne, mai kauri, bangonsa ya sha hannu, da gani ka san yara da yawa sun girma a kansa kafin ya zo mana. Labarin wani beyar ne na wasan yara, wanda in mutanen gida sun fita sai ya sauko daga kan gado ya tafi bakin rafi wurin abokansa. Akwai wata agwagwa sarauniyar surutu, da wani kunkuru mai ba da shawarar da ba wanda ya nema, da ɗan ɓera da ko ganye ya faɗo sai ya firgita. Ba wani abin kirki suke yi ba. Yau su ɓatar da hula su wuni nema, gobe su zauna gardamar ko gajimare yana da ƙafa. Amma zanen ya yi kyau, Baba kuma ya iya karatu. Ranar Alhamis da Juma'a bayan la'asar, da yake babu makarantar allo, sai ya zauna a soro ya karanta layi ya juya mini shi da Hausa, kowace dabba da muryarta. Muryar mai unguwarmu ya ba kunkurun, har sai da Hajiya ta ce ya bari kada magana ta fita.

Shi beyar ɗin daga baya ya zo. Wani abokin Baba mai sayar da gwanjo ya kwance dila ya tsince shi a cikin rigunan sanyi, ya rasa abin da zai yi da shi, ya ba Baba. Ruwan ƙasa ne, gashin cikinsa ya goge, kunne ɗaya ya lanƙwashe. Ni dai ina ganinsa na yanke hukunci cewa shi ne na cikin littafin, ya biyo sawun littafinsa har Kano. Hajiya ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, “Wannan kare ne ko biri?” Baba ya ce beyar ne, dabbar ƙasar sanyi. Ta ce ita ba ta taɓa jin labarinsa ba, amma tunda ba ya haushi kuma ba ya cin tuwo, ya zauna. Ita ta raɗa masa Ɗan Gwanjo, sunan kuwa ya bi shi. Tsokanata take yi da shi kullum, wai ga mijin da na samo, ba wuya ba ƙugu, sai tumbi. Ni ko a jikina. Goya shi nake da ɗankwalinta, in Baba zai yi karatu in zaunar da shi a cinyata ya ji labarin kansa.

Mun kai inda ruwa ya tafi da beyar a cikin kwando, abokansa suna bin gaɓa da gudu suna ihu, sai Baba ya rufe littafi ya ce sai mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo Goggo ta zo. Yayar Baba ce, babbar 'yar Hajiya, tana aure a Ƙofar Na'isa, kuma a gidanmu in ta yi magana ba a ɗora wata a kai. Ta zo da jikanta, yaro ɗan shekara uku da uwarsa ta kawo daga Zariya ganin gida. Ana zaune a tsakar gida ana hira, Hajiya ta shiga ɗaki sallar la'asar, sai yaron ya hango Ɗan Gwanjo a bayana. Ya miƙo hannu, na ja da baya. Ya fasa kuka irin na yaran da ba a saba hana su komai ba.

Goggo ta yi abin da ya kamata. Ta ce, “Kai, rufe mana baki, na yayarka ne.” Da an bar maganar a nan da shi ke nan. Amma matan ƙannen Baba suna wurin, ido duk ya koma kan Yaya, a ga yadda za ta yi tsakanin 'yarta ta fari da jikan yayar mijinta. Ko duba na ba ta yi ba ta ce, “Ke, kwance ki ba shi.” Na tsaya ƙiƙam. Ta taso da kanta ta kwance ɗankwalin. Goggo ta ce, “A'a, don Allah bar mata abinta, yanzu zai manta.” Yaya ta ce, “Haba Goggo, me ye a cikin tsumma? Ita ai ta girma.” Goggo ta sake ƙi, Yaya ta sake nacewa. Kuma don a tabbatar ba da baki kawai take yi ba, ta aiki ƙanena soro ya ɗauko littafin, ta haɗa wa yaron. “Ai tare suke,” in ji ta, tana murmushi.

Wannan shi ake kira kara. Ka danne naka ka fifita na wani, ka yi shi da sakin fuska, har ka ƙara da abin da ba a nema ba. Na girma na yi wa mutane, an yi mini, na san daɗinta, na kuma san zumunci da yawa a kanta yake tsaye. Amma ranar da kayana aka yi ta, ina tsaye da ɗankwali a hannu. Na yi kuka har da birgima, ɗaya daga cikin matan gidan tana cewa in yi shiru, ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Hajiya ta idar da salla ta fito ta tarar an gama, Goggo har ta yafa mayafi. Ta dubi Yaya, ta dube ni, ta bar abin a haka, don warware kyautar a lokacin tsinka surukarta ne a gaban 'yarta. Ta dai ja ni ɗaki ta cika mini hannu da dabino, na watsar.

Da Baba ya dawo ya ji, ya sosa ƙeya, ya ce zai nemo mini wani. Ya nema kuwa, amma kayan gwanjo ba su da tagwaye. Abin da ya samo wata 'yar tsanar roba ce mai farin gashi, wadda in an kwantar da ita take rufe ido. Na bar wa ƙanwata, ta cire mata hannu a ranar. Da Alhamis ta zo ya zaunar da ni a soro zai ƙarasa mini labarin da ka, bai yi nisa ba ya sa ɓera ya faɗa ruwa ceto. Na ce ɓeran da ke tsoron inuwarsa? Ya yi dariya ya ce na kama shi. Zuwa wurin yayarsa ya ce a dawo da abin da matarsa ta bayar kuwa, wannan ko a mafarki ba zai yi ba.

A nan ne na zauna na yi nawa tunanin irin na yara. Na haɗa rashin kiran suna, da rashin ɗauka, da wannan na ƙarshe, na fitar da amsa: matar nan ba ta sona, wataƙila ma ba ita ta haife ni ba. Na tambayi Hajiya kai tsaye wa ya haife ni. Ta ce, “A kasuwar Kurmi na sayo ki, da ke da tukunyar can, tukunyar ta fi ki tsada.” Da wasa ta faɗa, amma ni na ɗauki rabin maganar da gaske. Na tsani Yaya a kwanakin nan, tsana ta sosai, ba zan ɓoye ba. Na daina shiga ɗakinta. A gidan kowace suruka tana da ranar da take kai wa Hajiya kwano, to ranar Yaya in kwanon ya zo sai in ce na ƙoshi, in kwana da gyaɗa ko ƙanzon maƙwabta. Ita kuwa, a yadda nake gani, ko oho. Tana dakanta, tana wankinta, tana dariya da mutane.

Aka ɗan kwana biyu a haka. Wata safiya Hajiya ta sa aka yi funkasau, ta zuba a babban kwano ta ɗaure da ƙyalle, ta ce in kai wa Goggo. Da ma autan su Baba ake aikawa can da keke, ni ba a taɓa tura ni ni kaɗai ba. Ta ɗora mini kwanon a ka ta ce, “Ki gaishe ta. In kuma kin ga wani abu, ai da bakinki.” A lokacin ban gane ba. Yanzu na san tsohuwar da shirinta ta tashi.

Damina ce, lunguna duk sun jiƙe. Na bi su ina tsallake kwatami, hannu ɗaya a kan kwano, ina haddace abin da zan faɗa, magana mai ladabi wadda ta fara da “wai in ji”, duk da ban san wanda zan ce ya ce ba. Da na isa na durƙusa na gaida Goggo. Ta buɗe kwano ta sa albarka, ta shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa ina leƙen ƙarƙashin gado. Ba yaro, ba Ɗan Gwanjo. Duk abin da na haddace ya gudu, sai kawai na ji bakina ya ce, “Goggo, ki ba ni abina.”

Na zaci mari. Sai ta tafa hannu ta yi salati ta ce, “'Yar nan, Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini.” Ta jawo ni kusa ta shiga ba ni labari kamar wata sa'arta. Ashe tun kafin su fita daga unguwarmu yaron ya ga mai rake ya saki beyar ɗin, bai sake waiwayarsa ba, har uwarsa ta koma Zariya da shi ba su ɗauka ba. Mijin Goggo kuwa malami ne, asalinsu mutanen Barno, sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma ba ya barin mutum-mutumi ya kwana masa a gida. Yana ganinsa ya ce ko dai a fitar da shi, ko a raba kai da gangar jiki. Goggo ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yar, a ce ta wulaƙanta kyautar matar ƙaninta. Ta mayar, a ce ta raina. Gaba kura baya siyaki. Sai ta sa reza ta warware ɗinkin wuyan a hankali, ta zuba kai da jiki a cikin langa ta rufe, ta ɗora can saman kabad tana jiran Allah ya kawo mafita.

“Kullum sai na ce yau uwarki za ta aiko,” in ji ta. “To ita ma da kunyarta. Mu manya wani lokacin sai addu'a.”

Ta taka kujera ta sauko da langar. Ban yi kuka ba. Na dai tsaya ina kallon kan, shi ma yana kallona da idanunsa na maɓalli, auduga ta leƙo ta wuyan. Na tuna abin da ya fara zuwa raina shi ne ko ya ji zafi, sai na ga fuskarsa yadda na san ta, ba yabo ba fallasa.

Littafin yana wurin Malam. Goggo ta kai ni bakin ɗakin da yake rubutu, na durƙusa daga nesa. Dogon tsoho ne marar yawan magana, yatsunsa duk tawada. Ya ɗauko littafin daga cikin takardunsa, naɗe a farin ƙyalle, don a wurinsa duk abin da ke da rubutu ba a yar da shi, ko da na Nasara ne. Na buɗe. Kowace dabba a kowane shafi, an ja mata siririn layi a wuya. Beyar, da agwagwa, da ɓera, da kunkurun da ɗan kansa kawai ya leƙo, har tsuntsayen da ke can nesa a sama waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, bai tsallake ko ɗaya ba. Layukan kuwa a miƙe tsaf, hannun mai rubutu. A fahimtarsa ya cire su daga hukuncin hoto ke nan, littafi yana iya zama a gida. Rubutun kuwa ko harafi ɗaya bai taɓa ba.

Har na juya zan tafi ya ce, “Zo nan. Shi wannan mai tumbin, na ga ruwa ya tafi da shi a kwando, na kuma gan shi can gaba yana shan shayi. Wa ya tsamo shi?” Na ce ba mu kai nan ba, Malam. Ya ce, “To in kun kai, ki zo ki faɗa mini.”

Ba a mayar da kwano wayam. Goggo ta wanke kwanon funkasau ta goge, ta danna jikin Ɗan Gwanjo a ciki, ta ɗora kan a gefe, ta rufe ta ɗaure da ƙyallen Hajiya. Littafin ta saƙa mini a hammata. Haka na koma Shahuci.

Na tarar da tsakar gida cike, ana ta hidimar abincin rana. Hajiya tana kan tabarma, ta dubi kwanon, ta dubi hammatata, ta kira Yaya ta ce, “Zo buɗe mu ga abin da ta aiko mana.” Matan gida suka matso, kowa da tsammanin goro ko turare. Yaya ta kwance ƙyalle ta ɗaga murfi, kai ya mirgino kan tabarma. Wata ta yi ihu ta yi baya, sauran suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ke, wa ya aike ki roƙo? So kike a ce na yi amai na lashe? Maza ɗauki ki mayar.” Hajiya ta ce, “Ba inda za ta. Ni na aike ta, 'yata ta ba ta, ke ina ruwanki?” Yaya ta sunkuyar da kai ta koma wurin murhu. Ni kuwa na ƙara samun hujja. An yanka mini abina, na je na kwaso shi gunduwa biyu, ita kuma abin da ya dame ta shi ne abin da za a ce. Na yi ta ƙoƙarin ɗaure kan da ɗankwali yana faɗuwa, daga ƙarshe na mayar da shi kwanon na tura ƙarƙashin gado.

Washegari bayan azahar gida ya yi tsit, kowa ya shige ɗaki. Ina kwance a tabarmar Hajiya na juya fuska bango. Hajiya ta ɗauki mayafi ta fita tsakar gida, ta ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata, ba tare da ta kira kowa ba, ta ce, “Zan shiga maƙwabta barka, zan jima. Yarinyar nan ta yi barci, ɗakin a buɗe yake.” Na ji takunta har ta fice. Idona biyu, amma ban motsa ba, don fushi nake da duniya gaba ɗaya.

Can sai labule ya motsa. Na san tafiyar Yaya. Ita da ba ta wuce bakin ƙofar ɗakin nan, a nan take durƙusawa ta gaida Hajiya ta juya, sai ga ta har tsakiyar ɗaki. Ta tsaya a kaina jim, na daidaita numfashi irin na mai barci. Ta zauna a gefen tabarmar ta bayana. Na ji ta jawo kwanon, na ji ta tsinke zare da haƙori. Ta jima tana ɗinki. Sannan ta fara, ƙasa-ƙasa, kuma ba da ni take ba.

“Kai dai ka ja mana, Ɗan Gwanjo. Dubi yadda aka yi da kai.” Ta ja zare. “To ya zan yi? Idon kowa a kaina. Da na hana, a ce ta zaɓi tata a kan jinin gida. Na ɗauka kwana ɗaya za ka yi a aiko da kai. Duk sallamar da aka yi sai na leƙo.” Ta shiga cusa masa wani abu a ciki. Daga baya na gane audugar rimi ce ta farke matashinta ta ɗebo, don tasa ta zube a hanya. “Uwar ɗakinka ta rame. Ka ce mata ta riƙa cin abinci. Ka ce mata...” Ta tsaya a nan, har na ɗauka ta gama. Ta ja hanci. “Ka dai ce mata ta ci abinci.”

Ta ƙulle zare ta cije. Ta kwantar da shi a jikin bayana, ta gyara masa kwanciya, hannunta ya ɗan jima a wurin, rabi a kansa rabi a kafaɗata. Sannan ta tashi ta fita.

Ban juyo ba. Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni juyowa in riƙe hannun nan, amsar dai ita ce ni ma 'yar gidan ce. Shekarata takwas, amma na san in na buɗe ido na kunyata ta, kuma ba za ta sake shigowa ba. Sai da na tabbatar ta yi nisa na jawo shi na duba. Ɗinkin ya yi ƙarfi, ƙanana-ƙanana irin na masu ɗinkin hula, da shuɗin zare, sai dai kan ya ɗan karkace hagu. A lokacin ne na yi kukan da ban yi ba a gidan Goggo, na cusa fuskata a cikinsa don kada a ji.

Hajiya ta dawo ta ɗauke shi ta ɗaga sama ta ce, “Kin ga aikina? Tsufa bai hana ni komai ba.” Kowa a gidan ya san rabon Hajiya da zira zare a allura tun kafin a haife ni, amma kowa ya yaba mata, har da Yaya. Da magariba kwanon Yaya ne ya zo, tuwon shinkafa da miyar taushe. Na cinye rabona na suɗe hannu, na kai mata kwanon da kaina. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ke, ajiye can.” Na ajiye.

Baba ya ci gaba da karatu, da layukan Malam da komai. Kunkurun ne ya tsamo beyar ɗin, bisa kuskure ma, na je na faɗa wa Malam, ya ce da ma ya ga alamar ya fi su hankali. Ɗan Gwanjo ya zauna da ni har ƙannena suka gaje shi suka ƙarasa shi. Yaya tana nan da ranta, ta tsufa, har yau ba ta kiran sunana, ni kuma ban taɓa gaya mata na ji ta ba.

Yanzu ina da tawa 'yar farin. Sunanta nake kira, da ƙarfi ma, in rungume ta a gaban kowa, Yaya in ta gani ta kau da kai ta ce ba ni da ta ido. Ba na ganin laifin kowa a labarin nan. Kowane babba ya yi abin da aka koya masa, kowa ya fita kunyar kowa, yarinya ɗaya ce kawai aka manta ba a yi wa bayani ba. Abin da na koya shi ne, in za ka yi kara ka yi da abinka, kada ka yi da na wanda ba shi da bakin hanawa. Son da aka ɓoye wa yaro kuma, yaro ba ya ganinsa, shi abin da ya ji da kunnensa ya sani. Ni sa'a na yi. Da a ce barcin gaske nake yi ranar nan, da na girma, na yi aure, na haifi nawa, ina nan a kan cewa uwata ba ta sona.